Me Ke Tsaga Babbar Randa?

Kowace shekara, in 'yan ajin ƙarshe suka kama aikin hannun da za a jarraba su a kansa, maganar da na fi ji a rumfar gini ita ce, "Malam, yumɓun nan ba shi da kyau." Ga yadda abin ya kan faru. Ɗalibi ya gina ɗan kasko ko 'yar tukunyar miya, su bushe lafiya lau. Ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ɗaura niyyar babban abu, watau randa, ko tukunyar dasa fure mai tsawon ƙafa biyu, ko doki da mahayinsa. Ya yi mako biyu yana fama. Ran da ya zo ya yaye buhun da ya rufe aikin da shi, sai ya tarar da tsaga tun daga baki har tsakiyar ciki. Daga nan sai a ɗora wa yumɓu laifi.

To, amma yumɓun da ya yi kaskon ai shi ne ya yi randar, a rami ɗaya aka haƙo su. Saboda haka na ga ya kamata in yi bayanin abin a nan inda kowa zai karanta, ba 'yan sashen sana'a kaɗai ba. Yawancinku makarantun ƙauye za a tura ku, inda ba kullum a ke samun kuɗin takarda da fenti ba, amma yumɓu yana nan bakin rafi kyauta. Yaro kuwa in aikinsa ya tsage, ya sake wani ya tsage, ya tambayi malaminsa dalili aka rasa abin gaya masa, ba ya ƙara yarda ya taɓa laka.

Abin da za a fara sani shi ne, yumɓu yana tsukewa sa'ad da ya ke bushewa. Masana da suka duba shi da madubin da ke ƙara girman abu sun ga ƙwayoyinsa ba dunƙulallu ba ne kamar na yashi, falle-falle ne kamar ɓawon kifi. Ga su kuma ƙanana ƙwarai, har in ka jera 500 daga cikin manyansu da ƙyar su cika milimita 1. In an jiƙa yumɓu, ruwa ya kan shiga tsakanin falle da falle, su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba, shi ya sa ya ke bin hannu duk inda aka lanƙwasa shi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin yumɓun da ke hannun magini ruwa ne. In ruwan nan ya fita, sai fallayen su matso su cike gurbinsa, abin da aka gina kuwa ya ragu ta kowane gefe.

Kada ku karɓi wannan don na faɗa, ku gwada, ku kuma sa yaranku su gwada, gama darasin lissafi ne mai kyau. A daɓe yumɓu kamar sandar sabulu, a ja layi biyu a kansa da tsinke, tsakaninsu inci 10 daidai, a ajiye a inuwa. Bayan mako guda a sake awo. Za a tarar ya koma wajen inci 9 da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan, domin yawancin yumɓun gini ya kan ragu da kashi 5 zuwa 8 cikin 100. A jikin ɗan kofi mai faɗin inci 4 wannan ba kome ba ne, bai kai kaurin fensir ba. Amma ɗauki randa mai faɗin ciki inci 24. Kewayenta ya kai inci 75. In yumɓun mai raguwa da kashi 6 cikin 100 ne, to, kafin ta bushe sai cikin nan ya haɗiye inci 4 da rabi. Watau randar da ka ga tana zaune shiru a kusurwar ɗaki tafiya ta ke yi, kowane sashe nata yana jan na kusa da shi.

Tsukewar kanta ba ta tsaga kome. In duk jikin abu ya tsuke tare, sai dai ya ƙanƙance. Tsaga tana zuwa ne inda wani sashe ya ke so ya tsuke, wani abu ya riƙe shi. Ku dubi ƙasar fadama da rani. Rana ta busar da sama, ƙasa kuwa har yanzu da danshi, sama ta ja, ƙasa ta ƙi bi, sai fadama ta dare kamar bayan kunkuru. Maginan ƙasar Hausa sun san wannan sarai. Da yawansu tsohuwar tukunya su kan kifa, su barbaɗa mata toka, su daɓa sabon yumɓu a bayanta don su sami gindin sabuwa. Ba su barinsa ya kwana a kai. Da ya sha iska har ya iya tsayawa da kansa sai su ɗaga shi, don tsohuwar tukunya ta riga ta gama tata tsukewar, in an bar sabon a kanta zai matse ta har ya yage. Duk sauran dabarun da zan faɗa hanya ce ta hana wani sashe ya riƙe wani.

Dabarar farko tun wajen kwaɓi ta ke. Ɗalibai sun fi son yumɓu mai laushi mai santsi kamar man shanu, su tace shi har ba ko tsakuwa ɗaya. Irin wannan shi ya fi kowane shan ruwa, shi ya fi tsukewa, kuma jikinsa a toshe ya ke, ruwan da ke can ciki ba ya samun hanyar fita da wuri. Ya yi kyau ga ƙaramin abu, ga babba kuwa shi ne mafarin wahala. Abin da tsofaffin magina ke yi shi ne su daka tsingaro, watau fasassun tsofaffin tukwane, a turmi, su tankaɗe, su zuba garin a cikin kwaɓi. Waɗansu yashi su ke sawa, waɗansu ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya shan ruwa ya kumbura, ba ya kuma tsukewa, saboda haka yana rage tsukewar kwaɓin duka. Yana kuma buɗe jikin yumɓun, ciki da waje su bushe kusan tare. Har ila yau in ƙaramar tsaga ta fara, ta kan ci karo da ƙwayar tsingaro ta tsaya, maimakon ta zarce.

Ni dai mudu 1 na garin tsingaro na kan sa a cikin mudu 3 na busasshen garin yumɓu in aikin babba ne, amma kowane rami da halinsa. In ya yi yawa kwaɓin ya kan rasa danƙo. Murza kaɗan kamar kaurin ɗan yatsa, ka naɗa a yatsanka. In ya ɗan nuna tsattsagewa a baya amma bai karye ba, ya yi. In ya karye, a ƙara yumɓu. Na fi son tsingaro da yashin rafi, ga dalili. Yawancin yashi gutsattsarin farin dutsen ƙanƙara ne, shi kuwa in zafin wuta ya kai digiri 573 a ma'aunin santigiret ya kan kumbura farat ɗaya, in wuta na hucewa ya koma a daidai wurin nan. Yashi kaɗan ba laifi, mai yawa ya kan raunana babban abu. Bayan an haɗa a tattake da ƙafa sosai, a rufe, a bar shi ya kwana uku ko fiye, don ruwa ya ratsa ko'ina daidai.

Wanda ya ke tsammani yumɓu mai tsakuwa ba ya yin aiki mai kyau, ya je gidan ajiye kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya dubi kayan Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan siffofi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Jihar Kaduna. A 1943 aka sami wani kai a wajen Jema'a, har wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumi, kafin ya kai hannun Mista Bernard Fagg a Jos, wanda ya gane irinsu ɗaya da na Nok, ya kuma raɗa musu sunan. Masu bincike na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005, sun nuna mutanen nan sun zauna wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, siffofin kuwa sun fara yin su wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Akwai kawunan da girmansu ya yi kusa da kan mutum sosai, ka ga ke nan gangar jikin da ke ɗauke da su ba ƙarama ba ce. Yawanci a farfashe a ke tono su, amma bayan gashi suka fashe, ba wajen bushewa ba. Wannan kuwa ya yi mana amfani, don a bakin karaya a ke ganin cikin aiki. Yumɓun cike ya ke da tsakuwa da gutsattsarin dutse, santsin da ke fuska kunun yumɓu ne mai laushi aka shafa a sama aka goge.

Abu na biyu da karayar ke nunawa ya fi na farko muhimmanci. Siffofin nan ba cunkus su ke ba, cikinsu rami ne. An gina su kamar yadda a ke gina tukunya, igiyar yumɓu a kan igiyar yumɓu, sa'an nan aka sassaƙa fuska sa'ad da ta fara tauri. Ƙwayar ido a huje ta ke har ciki, haka hanci da baki da kunne galibi. Hujin ya ba fuskar rai, ya kuma ba iska hanyar shiga, danshi da tururi hanyar fita.

A nan zan tsaya in gyara wata magana da a ke yawan gaya wa ɗalibai, wai iskar da ta maƙale cikin yumɓu ita ke fasa shi a wuta. Iska ba ta da wannan ƙarfi. Ruwa ne. In zafi ya kai digiri 100 ruwa ya kan zama tururi, tururin kuwa yana neman wuri wajen sau 1,700 na wanda ruwan ya ci. Dunƙulen yumɓu mai kaurin inci 4 yana iya yin wata guda a ɗaki, bayansa ƙayau, cikinsa kuwa da danshi. A sa shi a wuta, tururi ya taso ya rasa ƙofa, sai ka ji kamar an harba bindiga, ya fashe ya kuma fasa na kusa da shi. Ramin iska laifinsa shi ne danshi ya kan taru a cikinsa. Don haka kada bangon babban abu ya wuce inci 1 a ko'ina, rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu ya fi, kuma ya zama kauri ɗaya ne. Inda siriri ya haɗu da mai kauri, kamar kunnen doki da kansa, ko hannun tulu da wuyansa, siririn zai riga bushewa ya ja, nan kuwa tsaga ke fitowa.

Masu son gina doki ko raƙumi su ne suka fi faɗawa wani tarko. Don kada abin ya zube sai su ɗaura ƙashi na itace ko na waya, su manna yumɓu a kai. Ranar farko ya yi kyau. Amma itace da ƙarfe ba su tsukewa, tsohuwar tukunyar nan ce da aka kifa ta dawo, wannan karon a ciki. In ba makawa sai an sa sanda, a naɗe ta da ciyawa ko tsohuwar jarida da kauri, yadda in yumɓu ya matso zai sami abin da zai lotsa, a kuma zare sandar da zarar aikin ya iya tsayawa. In kuwa an riga an gina abu cunkus, a jira ya yi tauri kamar sabulu, watau farce na shiga amma yatsa ba ya lotsa shi, a yanka shi biyu da siririyar waya, a ƙwaƙule cikin da cokali, a mai da shi a haɗe, a huda ƙasansa. Abin da ya yi girma ƙwarai kuma ba dole ne a gina shi guda ba. Sojojin yumɓun nan da manoma suka tono a ƙasar Sin a 1974, kusa da kabarin sarkin da ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, dubbai ne, kowane tsawon mutum. Gangar jikinsu rami ce da aka gina da igiyar yumɓu, kai da hannuwa kuwa daban aka yi su aka zo aka sa. Na san akwai waɗanda ba su son yin siffar mai rai, ba kuwa mai tilasta musu. Ka'idar ɗaya ce ko hasumiya za ka gina, ko taswirar duwatsu da koguna don darasin labarin ƙasa.

Wajen tā da bango kuwa, ban san malaman da suka fi matan Gbagyi ba, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari. Wadda duniya ta fi sani a cikinsu ita ce Ladi Kwali, hotonta na bayan takardar Naira 20. An haife ta a Kwali wajen 1925, a gida ta koyi gini tun tana yarinya. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya hau sarauta, ya tara randunanta a gidansa. A can Mista Michael Cardew, Baturen da gwamnati ta ɗauka don kyautata sana'ar tukwane, ya gan su a 1950. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda ta koma Suleja bayan an ba sabon babban birni sunanta, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifan da a ke juyawa, amma manyan randunanta masu zanen kada da ƙadangare da kunama da hawainiya da hannu ta ci gaba da gina su, kamar yadda ta koya a Kwali. Ta nuna wannan gini a Ingila, ta nuna a Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Na sha zama ina kallon matan ƙasar nan suna irin ginin, abin da na lura da shi kuwa ga shi. Maginiya ta kan aza curin yumɓu a kan sakaina ko tsohon kasko, ta naushi tsakiyarsa ya yi rami, sa'an nan ta sunkuya ta riƙa jawo bangon sama da yatsu daga ciki, ɗaya hannun yana tare ta waje. Tukunyar ba ta juyawa, ita ke kewaya ta. Watau gindi da rabin ciki duk daga curi ɗaya suka fito, babu mahaɗi a inda nauyi ya fi yawa. In yumɓun ya ƙare sai ta murza igiya mai kauri ta ɗora. Ba ajiye ta kawai ta ke yi a kan baki ba, danna ta ta ke yi tana murje ta cikin ta ƙasa, har ba ka iya nuna inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Bayan haka ta bi da sakaina ko guntun itace tana kankarewa tana matsewa ciki da waje. Ɗalibi ya kan ɗauka gyaran fuska ta ke yi, alhali matsewar nan ita ce ƙarfin randar, don tana kwantar da fallayen yumɓu su bi bango, tana kuma daidaita kauri. Ruwa kuwa kaɗan ta ke taɓawa, sai wajen baki ta kan ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ko ganye. Ɗalibanmu su kan yi ta yayyafa ruwa don aiki ya yi santsi, ruwan ya gangara ya taru a gindi, gindi ya jiƙe sama na bushewa.

Babbar randa ba a gama ta a zama ɗaya. Ɗanyen bango ba ya ɗaukar nauyin kafaɗa da wuya, sai ya zauna ya buɗe. Sai an bar ƙasa ta sha iska tukuna. Wuyar ita ce, in ƙasa ta bushe da yawa ta riga ta yi tata tsukewar, sabon da aka ɗora zai tsuke shi kaɗai ya rabu da ita. Maganin wannan a rufe bakin da za a ci gaba daga kansa da jiƙaƙƙen tsumma ko leda, a bar ƙasa a buɗe. In an dawo a karce bakin da tsinke ko tsohon cokali mai yatsu, a shafa kunun yumɓu kaɗan, kāna a ɗora. Haka za a yi wa hannu ko kunne ko kowane abin da za a manna, ya zama danshinsu ɗaya da jikin da za a manna su.

Saura bushewa, inda mafi yawan aiki ke lalacewa bayan mai shi ya ɗauka ya gama. Rana ba ta kai iska ɓarna ba. Kowa ya san kada a kai ɗanyen aiki rana, amma sai a ajiye shi bakin taga da hunturu, iska ta busar da gefe ɗaya cikin dare ɗaya. Da damina yumɓu ya kan yi wa mutum haƙuri, da hunturu kuwa ba ya yi. A kai babban abu cikin ɗaki inda iska ba ta kaɗawa, a rufe shi duka kwana biyu ko uku don danshin sassansa ya daidaita, sa'an nan a riƙa sassauta rufin kaɗan kaɗan. Leda ta sauƙaƙa mana wannan, ita ce abu ɗaya da mu ke da shi wanda maginan dā ba su da shi, sai dai a sa tsumma tsakaninta da aikin don kada raɓar da ke taruwa a cikinta ta ɗiga a kai. Baki da kunnuwa da duk wani siriri su ne na ƙarshe da za a buɗe. Kowace safiya a juya aikin, gefen da ke fuskantar ƙofa ya koma bango.

Gindi ma kada a manta da shi. In aka gina abu mai faɗin gindi a kan siminti ko katako, ya kan manne, ya so ya tsuke ƙasa ta riƙe shi. A barbaɗa yashi ko garin tsingaro ko a shimfiɗa jarida kafin a fara, don ya sami zamewa. In ya yi taurin da za a iya ɗagawa, a kifa randa a kan gammo ko a aza ta a kan sanduna biyu iska ta shiga ƙarƙashi. Abu mai tsawon ƙafa biyu ba na ƙyale a taɓa shi da wuta kafin mako uku, da damina har fiye. In kana so ka sani ko ya bushe, kara shi a kumatunka. In ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Ko wanda ya bushe ƙayau bai rabu da ruwa duka ba, don yumɓu yana shan danshin iska. Shi ya sa maginiya ba ta ɗaukar randa daga ɗaki ta jefa cikin babbar wuta. Ta kan shanya ta a rana tukuna, yanzu kam rana ba ta yi mata kome tun da tsukewa ta ƙare, sa'an nan ta ƙona 'yar ciyawa a cikinta ko ta kifa ta a kan garwashi har ta yi zafin da hannu ba ya jimrewa. Bayan wannan ne a ke jera tukwane a tula musu kirare da ciyawa a cinna. Irin gashin nan na fili ba ya daɗewa, zafinsa ya kan tashi da sauri zuwa digiri 600 har 900, abin da ya sa tukwane ke jimre masa kuwa shi ne tsakuwar da ke jikinsu da ɗumamawar da aka fara yi. Mai tanderu ya bi wannan, ya yi awa biyu ko uku da 'yar wuta ƙofa a buɗe, har in ya kara madubi a bakin hayaƙi bai ga ya yi gumi ba. In an gama kuma kada a buɗe tanderu da zafi don ɗoki.

In duk da haka aikin yaro ya tsage, kada ku jefar kafin ku duba tare da shi, don tsagar tana faɗin inda ta fito. Wadda ta sauko daga baki a tsaye, baki ne ya riga ciki bushewa. Wadda ta kewaya a kwance, igiya ce ba ta haɗu da 'yar'uwarta ba, ko an ɗora ɗanye a kan busasshe. Wadda ta ratsa gindi, ko ya manne da ƙasa ne, ko ruwa ya kwanta a ciki, ko ya fi bango kauri. In an lura da ita tun aikin yana kamar sabulu, a buɗe ta kaɗan da wuƙa, a cusa yumɓu mai tauri irin na jikin, a matse, a rufe kwana biyu. In ya riga ya bushe, cusa ɗanyen yumɓu aikin banza ne, zai tsuke ya bar tsagar inda ta ke. Sai a farfasa shi a jiƙa a cikin baho, tun da bai ga wuta ba zai koma yumɓu kamar dā. Wanda ya fashe a wuta kuwa ba ya komawa, sai a kai shi turmi a daka don kwaɓin ajin da ke biye.